Rola a Bakin Gangare

Rolar danne ƙasar ta kai tsakiyar gangaren ke nan wayar ta fara motsi a aljihun ƙirjinsa. Baba Sannu bai ji ƙararta ba, don a kan wannan kujera ko ihu aka yi maka sai dai ka ga baki yana motsi. Bai tsaya ba kuma. Ba a tsayar da rola a tsakiyar gangare a kan ƙasar da ba ta danne ba. Sai da ya lallaɓa ta ta hau matakalar da katafila ta yanka a jikin tudun, inda ƙasa take a miƙe, ya kashe jijjigar injin, ya ja birki, sannan ya ciro wayar.

Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda take jinyar uwarta a asibiti.

"Baba, jikin Umma ya tashi."

"Irin na rannan?"

"Ban sani ba. Numfashin ne. Sun sa mata robar nan a hanci. Likita ya duba ta ya fita, bai ce min komai ba."

Ya share gumi da bayan hannu. Tun da ciwon zuciyar nan ya kama matarsa suke shiga asibiti suna fita. An taɓa kiran sa haka ya bar aiki a guje, takalmi ɗaya ma a mota ya gama ɗaure shi, ya iske ta zaune tana ɓare lemo, tana yi masa dariya wai ya shigo kamar wanda kare ya biyo.

"Tana iya magana? Ba ta wayar."

Ya ji ƙarar gadon ƙarfe, sannan numfashi, gajere-gajere, kamar na wanda ya hau bene da kaya.

"Direba," in ji ta. Haka take kiran sa tun suna da ƙuruciya.

"Ranki ya daɗe. Me kike yi wa yarinya haka, kina tsorata ta?"

"Ita ce dai matsoraciya, kai ta gado." Ta tsaya ta huta. "Iska nake ji a wayarka. Hadari ne?"

Ya ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga bayan tudun har inda ido ya tsaya.

"Hadari ne."

"Ƙasar a buɗe take?"

Ba ta taɓa taka wurin aikinsa ba, amma ta daɗe tana wanke jar ƙasa daga wuyan rigunansa tana sauraren labari, har ta san abin da ake tsoro.

"Rabi na danne. Rabi yana nan yadda motar gireda ta baza shi."

"Mutanen nan na ƙasa fa? Matar nan mai katifa?"

"Suna nan."

"To ka gama ka zo. Ni ina zan je da roba a hanci?" Ta yi wani abu mai kama da dariya, tari ya katse shi. "In ka zo ka wanke fuska kafin ka shigo. Kada ka ba ni kunya a gaban mutane."

Auta ta karɓi wayar. "Baba, za ka taho?"

"Ina nan tafe. Ki riƙe mata hannu."

Ya sauko daga rolar. Sabuwar hanya ake yankawa a jikin tudun. Gefen sama an sare shi, gefen ƙasa kuwa ciko ake yi, ana zuba jar ƙasa shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ba ta wuce taki ɗaya ba, ana yayyafa mata ruwa ana dannewa kafin a ɗora wata. Daga inda yake tsaye yana hango gidajen da ke gindin gangaren, jere, rufin kwano ya yi tsatsa, shanya tana kaɗawa a igiya. Da aka yi ruwan farko laka ta gangara ta shiga har cikin ɗakuna. Washegari wata mata ta hawo tudun tana jan katifa jiƙe sharkaf, ta yar a gaban Foman, shugaban aikin, ta juya. Wancan ɗan ruwa ne, ƙasar kuma kaɗan ce. Yau tun safe tifofi suke juyewa.

Foman yana tsaye kusa da tankar ruwa, hannu a ƙugu, shi ma gabas yake kallo. Sa'an babban ɗan Baba Sannu ne, mutum mai kunya, bai iya ɗaga murya ba. Da ya ga fuskar tsohon ya gane.

"Mama ce?"

"Ita ce."

"Baba, in tafiya ce ka tafi. Wallahi ba zan riƙe ka ba."

"Wa zai hau?"

Foman ya dubi rolar. Ɗayan direban rolar an mayar da shi aikin gada, can ƙetaren kogi. Mai gireda da aka taɓa yi masa maganar ya ce shi ko a fili bai yarda da wannan abu ba, balle a inda in ta sulluɓe sai a tsakar gidan mutane.

"Sai in tura leburori su gaya musu su kwashe yara da abin da za su iya," in ji Foman. "Sauran kuma Allah ya kiyaye."

Baba Sannu ya sake duban ƙasa. Wata yarinya tana goye da ƙaninta tana korar kaji zuwa akurki. Wani tsoho yana zaune a kujerar roba a ƙofar ɗaki, ƙafarsa ɗaya naɗe da tsumma, da gani ba mai saurin tashi ba ne.

Ya durƙusa ya damƙi ƙasa ya matse a tafin hannu, ya buɗe. Ta wargaje.

"Ta sha iska, ta bushe," ya ce. "Mai Tanka, ɗan ba ta ruwa kaɗan. Kaɗan fa na ce, ba wanka za ka yi mata ba."

"Ga na sama yana zuwa kyauta, kana wahalar da ni," in ji Mai Tanka, wanda bakinsa ba ya hutawa. Amma da ya dubi Foman sai ya haɗiye sauran maganar ya shiga mota.

Baba Sannu ya hau. Ya tayar da jijjiga, gangar ƙarfen ta ɗauki rawa, ƙasa ta amsa har cikin haƙoransa.

A gangare ba a bin gefe. In ka ba tudu kafaɗa, rola takan jingina, in ta jingina kuma ba ta shawara da kowa. Hawa ake yi a miƙe, a sauko da baya a miƙe, sawu ya ɗan hau kan sawun da ya gabata don kada a bar tsaga a tsakani. Kuma ba a yi mata sauri. In ka matsa mata sai sama ta yi sumul kamar an goge, ciki kuwa fanko, ruwa ya samu hanya ya shige ya ɗauke komai gaba ɗaya. Saboda wannan tafiya tasa aka sa masa suna Sannu, har sunan yanka ya ɓace a bakin mutane. Bai taɓa jin haushin sunan ba sai yau.

Ya hau. Ya sauko. Ya matsa kaɗan. Ya hau.

Ranar da aka fara ba shi rola ya koma gida yana taƙama, ya ce mata yau ta zama matar direba. Ta tambaye shi ina ya je. Ya ce ba ko'ina, gaba yake yi ya dawo baya. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce ita dai ta ga ta kanta, mata suna auren direbobin da ke kawo musu tsaraba daga nesa, nata yana wuni yana tuƙi a wuri ɗaya. Daga baya in an buɗe hanyar da ya yi aiki a kanta, takan sa ya kai ta su shiga motar haya su bi ta. Takan zauna kusa da taga, in an wuce wuri mai laushi ta taɓa matar da ke gefenta, wadda ba ta taɓa gani ba, ta ce, "Kin ji ko gargada babu? Mai gidana ne."

Iska ta ƙara ƙarfi. Ƙura ta tashi daga inda ba a jiƙa ba ta shiga idonsa. A ƙasa mata suna ta kwashe shanya da gudu, ƙofar kwano tana bugawa. Walƙiya ta tsaga baƙin nan, bai ji tsawar ba saboda injin.

Yana tsakiyar hawa ya ji motsi a ƙirji. Nan ba wurin tsayawa ba ne. Ya ce in ya kai matakala zai duba. Da ya kai, motsin ya daina, ya dubi abin da ya rage, ya dubi sama, ya ce bari ya ƙara sawu ɗaya. Yana saukowa ya sake ji. Ya gaya wa kansa jijjigar injin ce, ai takan yi haka, takan sa mutum ya ji abin da babu. Hannunsa ya kai bakin aljihun ya dawo kan sitiyari. Ya san in ya duba zai sauka, in ya sauka kuma ba zai sake hawa ba.

Bakin cikon shi ne mai wuya. Nan ƙasa ba ta da abin jingina, sai iska. Ya rage gudu har ya zama kamar ba ya tafiya, ya leƙo da rabin jiki yana kallon inda gangar take bi. Foman yana gaba yana tafiya da baya, yana yi masa alama da hannu, rigarsa tana kumbura da iska. Wani wuri ƙasar ta ɗan zame a ƙarƙashin gefen gangar, rolar ta sunkuya kamar za ta yi gaisuwa. Leburori suka ɗora hannu a ka. Baba Sannu bai taka birki ba, bai juya da ƙarfi ba, ya bar ta ta ci gaba a hankali har ta samu ƙasa mai ƙwari ta miƙe. Sai a lokacin ya ji bakinsa yana motsi, ashe addu'a yake yi, kuma ba don kansa ba.

Da ya gama dannewa ya kashe jijjiga ya bi saman da gangar kawai, yana shafe shi, ya bar shi da ɗan karkata zuwa jikin tudun inda aka haƙa lambatu, yadda duk ruwan da ya sauka zai bi can maimakon ya zubo kan gidaje. Ƙasar ta yi santsi tana ɗaukar ido. Ƙamshin ruwa ya cika wurin. Leburori sun riga sun fake a ƙarƙashin tifa, wasu sun rufa buhun siminti a ka.

Ya kai rolar fili, ya kashe ta. Shirun ya faɗo masa a kunne.

Suka jira. Iskar da take ta turo hadarin ta tsaya cak, sannan ta juya. Suna kallo baƙin nan ya yage daga tsakiya, ya karkata kudu, ya tafi yana gurnani can nesa. Rana ta leƙo ta ƙarƙashinsa, ja, ta haska sabuwar ƙasar. Ko ɗigo bai taɓa ta ba.

"Kai!" in ji Mai Tanka, ya fito yana tafa hannu. "Hadari ya ga aikin Baba Sannu ya ji kunya ya canza hanya!"

Wasu suka yi dariya. Baba Sannu yana zaune a kan kujerar da wayar a hannu. Sunan Auta ya cika fuskar wayar daga sama har ƙasa. Ya kira. Ta yi ta ƙara. Da aka ɗauka ba muryar Auta ba ce, wata babbar mace ce da bai sani ba.

"Kai ne babanta?"

"Ni ne. Ina take? Yaya jikin?"

"Tana nan kusa da ni. Ka zo dai, bawan Allah. Ka taho a hankali."

Mai Tanka ne ya ɗauke shi. A hanyar fita suka wuce matar nan mai katifa ta hawo da kofin ruwa a hannu, tana ɗaga musu, tana cewa wani abu da fara'a. Baba Sannu ya ɗaga mata hannu don bai san abin da zai yi ba. Mai Tanka bai ce komai ba har suka hau kwalta, shi da ko shi kaɗai ne a mota yakan yi hira da sitiyari. A bakin kasuwa suka tarar da cunkoso, masu kaya da suka kwashe don tsoron ruwa suna sake bazawa har kan titi. Sauran ruwan tankar yana ta bugun cikinta duk lokacin da aka taka birki.

"Baba, sauka ka hau babur, zai fi ni," in ji Mai Tanka. Ya sauko da kansa ya tare masa ɗaya, ya riƙe masa hannu, Baba Sannu ya hau kamar yau ya fara tsufa.

A ƙofar ɗakin mata na asibitin akwai famfo inda masu jinya suke wanke kwanuka. Ya wuce shi, sai ya tsaya, ya dawo. Ya sunkuya ya wanke fuskarsa, ya wanke wuya, ya cuɗa bayan kunne. Jan ruwa ya bi ramin. Wata mata mai riƙe da bokiti ta jira shi bai sani ba. Ya share fuska da hularsa ya shiga.

Gadonta na kusa da taga ne. An cire zanin gadon. Wata ma'aikaciya tana goge robar katifar da tsumma, tana yi da sauri irin na wanda yake da sauran aiki.

Tsohuwar da ke gadon gefe ta yafito shi. Muryarta ce ya ji a waya.

"Sai haƙuri, malam. Allah ya ji ƙanta. Mutuniyar kirki, ko ruwa za ta sha sai ta ce in fara." Ta gyara kwanciya. "Bayan kun yi waya ta ce wa yarinyar ta tashe ta zaune, ta ciro mata ɗankwalin nan mai ruwan ganye ta ɗaura mata. Ta ce mai gidanta yana hanya, kada ya same ta kamar mara lafiya. Har muka yi mata tsiya, muka ce amarya. Tana ta kallon ƙofa tana hira da mu. Sai can ta ce ta gaji, a ɗan kwantar da ita."

Baba Sannu ya gyaɗa kai. Ya ce ya gode. Ya sake cewa ya gode.

Ma'aikaciyar ta kai shi wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, ta yaye mayafin zuwa ƙirji, ta fita ta ja ƙofa. An cire robar, ta bar ɗan sawu a kumatunta. Ɗankwalin ya zame gefe ɗaya, furfurar da take ɓoyewa ta fito. Ya sa hannu ya gyara mata, bai iya ba, bai taɓa ɗaura ɗankwali ba, ya dai ja shi ya rufe gashin. Goshinta da sauran ɗumi kaɗan, ko kuwa hannunsa ne.

"Na gama," ya ce mata. "Ga ni."

Ya daɗe a tsaye kafin ya mayar da mayafin.

Auta tana kan benci a baranda. Ta haɗa kayansu a gabanta, bokiti da filas da tabarma a naɗe, da silifas ɗin uwarta a saman jaka. Idonta ya kumbura amma ta daina kuka. Ya zauna a gefenta, ya bar ɗan fili a tsakani.

"Na kira ka, Baba."

"Na sani."

"Na yi ta kira. Har sai da ma'aikaciyar ta ce in bari haka."

"Na sani, Auta."

"Umma ba ta ce in kira ka ba. Cewa ta yi in ƙyale ka, kana bakin gangare, kada in ɗauke maka hankali. Ni ce na ƙi ji." Ta murɗa bakin mayafinta a yatsa. "Na gaya wa su Yaya. Sun kamo hanya."

Ya ce to. Aka turo wani a keken marasa lafiya aka wuce. Ta tagar barandar ana ganin sama, tas, rana tana shirin faɗuwa, ganyen bishiyoyin harabar duk sun yi ƙura.

"Nan ko yayyafi ba a yi ba," in ji Auta, ba ta dube shi ba. "Umma ta ce in leƙa in gani, na ce mata can wajenku ne ya yi baƙi. Ta ce to ai shi ke nan, gara da ya tsaya." Sai ta juyo. "Baba, an yi ruwan a can?"

Ya dubi fuskarta. Fuskar uwarta ce lokacin da ya fara ganin ta, har da yadda leɓen ƙasa yake rawa in tana riƙe abu a ciki.

"An yi," ya ce. "An yi sosai. Ina gamawa ya sauko. Duk ya bi lambatu, ko ɗaki ɗaya bai shiga ba."

Auta ta sauke ido kan takalminsa, wanda jar ƙura ta rufe har igiya, busasshiya, ta bi wandonsa da kallo zuwa kafaɗar rigarsa. Ta daɗe tana kallo.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Ta matso ta rufe filin da ke tsakaninsu, ta sa hannu ta fara kakkaɓe masa kafaɗa a hankali, ƙurar tana tashi tana sauka a kan bencin.